Abin da Ke Sauka Ƙasa

Balaraba ta dawo Yauri da kwalabe goma sha biyu
da wani ƙyalle mai ƙananan idanu, ya fi matacin koko laushi.
Ta ce, Baba, kai ni tsakiyar ruwa,
inda gorar tuƙi ba ta taɓa ƙasa.
Shekara hamsin ina fiton mutane da buhunan albasa,
ba a taɓa ɗaukata don a kamo ruwa ba.

Ta ja ƙyallen a bayan jirgi kamar mai jan akuya.
Da ta ɗago ta matse,
abin da ya taru bai cika murfin kwalba ba,
kore-kore, kamar gansakukar gindin randa.
Na ce, wannan ko kyanwa ta raina shi.
Ta ce, kawo idonka nan.

Na kanne ɗaya, na leƙa madubinta.
Ashe gari ne.
Masu gashin baki, masu ƙafa barkatai,
wasu na juyi kamar ba su san gida ba,
kowanne da ɗigon mai a cikinsa,
ja, kamar manja a farin kwano.

Ta ce a can inda take karatu
teku na daskarewa a baki,
rana kan yi wata da watanni ba ta leƙo ba.
'Yan uwan waɗannan, in haske ya zo, ci suke ba ji ba gani,
su mai da cikinsu rumbu,
su nutse can ƙasa cikin duhu
suna lasar kitsen jikinsu har gari ya waye.
Wanda ya mutu kuwa sai ya sauka,
a hankali,
kamar tokar da ta tashi daga ƙunar daji,
kwana da kwanaki bai isa ba.
Na hanya su ci rabonsu,
ragowar ta kwanta a laka.
Ta ce maiƙo ba ya ɓoye mai shi.
A ba ta taɓo cokali ɗaya,
za ta faɗi wanda ya rayu a sama.

Ban ce komai ba, lissafi nake.
Warangi ne ke cin waɗannan.
Giwan ruwa ya ci warangi.
Uwarki ta ɗora shi a kan banda,
man ya ɗiga a garwashi, cuu,
hayaƙi ya cinye mata ido ɗaya,
kuɗin suka tafi makaranta.
Wato ɗigon nan da ban taɓa gani ba
shi ya saya miki rigar sanyi.

La'asar sakaliya ta zura bututun ƙarfe da igiya.
Gaba bakwai, takwas, sannan ya tsaya.
Muka jawo tare, ya fi tarwaɗa taurin kai.
Laka ta fito hawa-hawa:
ga na farin ruwa, ga na baƙin ruwa,
shekara bisa shekara kamar ninkin zane a adaka.
Tana aunawa, tana rubutu, tana murna.

A can ƙarshe launi ya sauya.
Jar ƙasa, da gawayi,
da ɓallin tukunya bai kai farce ba.

Ta ce, Baba, wannan fa?

Na dubi tudun gabas, na dubi bakin gungu,
na gane inda muke.
Tun da aka datse kogi ruwa ya hau
ban ƙara tsayar da jirgi a nan ba.
Murhun kakarki ne a ƙarƙashinmu.
Duk shekarun nan ina cewa wutarsa ta mutu da yunwa,
ashe dare da rana
mai na sauka a kansa, ɗigo-ɗigo.

Ta sa ɓallin a kwalba ta goma sha biyu,
ta riƙe alƙalami, ba ta rubuta ba.
Na juya kan jirgi.
Masu jan dala sun fara kunna fitilu.